Likitan Ayarin Zinariya: Tarihin Charles Robinson

A cikin watan Maris na shekarar 1849 waɗansu mutane kimanin 50 suka yi sallama da iyalansu a birnin Bostan, can gabashin ƙasar Amurka, suka nufi yamma neman zinariya. A cikinsu akwai wani likita ɗan shekara 30 ana ce da shi Charles Robinson, wanda aka ɗauka don ya riƙa duba lafiyar 'yan tafiya. Zinariya dai bai samo ta ba. Abin da ya komo da shi gida bayan shekara biyu da rabi shi ne tabon harsashi a ƙirji, da kuma tunanin wani tudu da ya hau a kan hanya. Ba nisa da wannan tudu ya ƙare rayuwarsa, bayan ya zama gwamnan farko na Jihar Kansas. To, bari mu bi sawunsa tun daga farko.

An haifi Robinson ran 21 ga Yuli 1818 a wani ƙaramin gari mai suna Hardwick, cikin Jihar Masacusets. Mahaifinsa manomi ne, ba mai hali sosai ba, saboda haka yaron ya tashi yana aiki yana karatu. Ya sami shiga kwalejin Amherst, amma ciwon ido ya fitar da shi tun bai gama ba. Da abin ya dame shi sai ya taka a ƙasa, tafiyar mil 40, zuwa garin Keene wurin wani shahararren likita mai suna Amos Twitchell. Neman magani ya kai shi, sai ya ɓuge da zama almajirin likitan. A 1843 ya karɓi takardar shaidar likitanci, ya buɗe wurin aiki a garin Belchertown, ya kuma yi aure a wannan shekara.

Daɗin bai daɗe ba. 'Ya'ya biyu da matarsa Sarah Adams ta haifa duk sun koma tun suna jarirai, ita ma ta bi su a 1846. Mai karatu ya dubi wannan hali: mutumin da ake tasa tsakar dare ya je ya ceci 'ya'yan wasu, ga shi ya binne nasa gidan kaf cikin shekara uku. Ya tattara ya koma garin Fitchburg, ya dulmuya cikin aiki ba dare ba rana, har jikinsa ya soma gazawa. Yana cikin wannan hali labarin zinariya ya iso.

Ga yadda abin ya faro. Ran 24 ga Janairu 1848 wani kafinta mai suna James Marshall yana gina wa maigidansa John Sutter injin tsaga katako a bakin wani kogi a Kalifoniya, sai ya hangi wani abu yana ƙyalli a cikin ruwa. Kwana tara bayan haka ƙasar Meziko ta sa hannu a kan yarjejeniyar da ta miƙa Kalifoniya ga Amurka, ba ta san abin da ke kwance cikin yashin ba. Da farko mutanen gabas sun ɗauki zancen ƙanzon kurege ne. Sai ran 5 ga Disamba 1848 Shugaban Ƙasa James Polk ya tabbatar wa majalisa cewa gaskiya ne. Daga nan fa gari ya ruɗe. Manomi ya jingine garma, akawu ya ajiye alƙalami, ɗan kasuwa ya rufe kanti, kowa sai Kalifoniya.

Hanya uku ce. Mai kuɗi ya shiga jirgin ruwa ya zagaye ƙarshen Amurka ta Kudu, tafiyar wata biyar zuwa takwas. Mai gaggawa ya sauka a Panama ya keta daji mai sauro da zazzaɓi, ya sake neman jirgi a ɗaya gefen. Sauran kuwa suka bi ta ƙasa, mil wajen 2,000 daga Kogin Misuri, babu titi, babu gada, kusan babu gari sai 'yan sansanin soja da na 'yan kasuwa jefi-jefi. Irin wannan tafiya ba a yin ta mutum ɗaya. Mutane kan haɗa kuɗi su kafa ƙungiya, su zaɓi madugu, su rubuta dokoki, idan suna da hali su ɗauki likita. Ƙungiyar su Robinson tsarin soja ta yi wa kanta, da hafsoshi da komai.

Somin tafiyar ba wuya. Jirgin ƙasa da jiragen ruwa suka kai su Kogin Ohayo, suka gangara zuwa birnin St. Louis, suka haura Kogin Misuri har inda birnin Kansas City yake a yau. Nan ne bakin daji. Nan kuma kowane ayari yake yada zango ya jira ciyawa ta tsiro, domin dabbar da za ta ja kaya mil 2,000 abin da ta tarar a ƙasa shi za ta ci. Wanda ya yi sammako a Afrilu dabbobinsa su mutu da yunwa. Wanda ya yi nawa har Yuni dusar ƙanƙara ta rufe shi a duwatsun ƙarshe. Cikin wannan zaman jira, ga zaman banza, ga kuɗi yana ƙarewa, ƙungiyoyi da yawa suka watse da rigima. Ta su Robinson ma ba ta tsira ba, ta dare, aka raba kaya da dabbobi tun ba a taka ko mil ɗaya na daji ba.

Amma babban abin da ya tarye su a bakin kogin shi ne kwalara, wato annobar amai da gudawa. A shekarar ta shigo da ƙarfi, ta bi jiragen ruwa tana haura koguna. A St. Louis kaɗai ta kashe mutum fiye da 4,000. Shi kansa Polk, wanda ya yi shelar zinariyar, ita ta kashe shi cikin Yuni 1849, wata uku bayan ya sauka daga mulki. Mutum zai karya kumallo lafiya ƙalau, da hantsi ciki ya murɗa, da la'asar idanu su faɗa, fata ta yamushe, kafin gari ya waye an haƙa masa rami a gefen hanya.

A nan ya kamata mu leƙa cikin akwatin likita na wancan zamani, don mu gane irin nauyin da ya hau kan Robinson. Akwai wani farin gari da ake haɗawa da zaiba, mai sa zawo. Akwai ruwan ofiyom mai kashe zafin ciwo da sa barci. Akwai kafur, da barkono, da barasa, da 'yar wuƙar tsaga jijiya don a zubar da jini. Shi ke nan. Likitoci sun ɗauka cutar daga mugun iska take tasowa, iskar fadama da ta ruɓaɓɓen abu. Ba su san a ruwan sha take ba. Sai a 1854 wani likitan Ingila mai suna John Snow ya nuna cewa famfon unguwa guda ne ya baza ta a wani yanki na birnin Landan, sai kuma bayan shekara 30 Bajamushen nan Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar da ke kawo ta. A yau ɗan makaranta ma ya san abin da mai kwalara ke bukata shi ne a mayar masa da ruwan da ya fita daga jikinsa, da ɗan gishiri da sukari. Su kuwa, da kyakkyawar niyya, suna ba shi maganin zawo suna kuma zubar masa da jini. A ganina sau da yawa wanda ya tashi, ƙarfin jikinsa ne ya tashe shi, likita kuwa ladan zaman jinya ya samu. Robinson ya yi irin wannan zama a jirgi da kuma a zango, kuma ba duk wanda ya zauna a kansa ne ya tashi ba.

Cikin watan Mayu aka ɗaura kaya aka shiga daji. Bayan 'yan kwanaki hanya ta bi da su ta wani dogon tudu da ke tsakanin Kogin Kansas da wani ƙaramin kogi mai suna Wakarusa. Robinson ya hau ya duba gabas da yamma. Ciyawa shar har iyakar ganin ido, ga ruwa, ga itatuwa a bakin kogi, ga baƙar ƙasa irin wadda ɗan manomin da ya tashi a gonar duwatsu ta Masacusets bai taɓa gani ba. Wurin ya shiga ransa ƙwarai. Sai dai kada mai karatu ya zaci ƙasar ba ta da masu ita. Gwamnatin Amurka ta kwaso kabilun Shawnee da Delaware daga gabas ta zube su a nan, bisa alkawarin cewa wurin nasu ne. Su 'yan ayari wucewa kawai suke yi, shanunsu na cinye ciyawa, su suna sare itace.

Daga nan sai Kogin Platte, mai faɗi, marar zurfi, ruwansa kamar kunu. Ayari kan bi gefensa mako da makonni. Galibin matafiya shanu suka ɗaura wa amalankensu, don sun fi doki araha da juriya, amma a yini ba su wuce mil 15 ba. Mutane a ƙasa suke tafiya, kaya ne ke hawa. Itacen girki babu, sai busasshen kashin ɓauna ake tsinta a hura wuta. A shekarar mutum fiye da 20,000 suka bi wannan hanya, kowa na sauka inda na gabansa ya sauka, yana shan ruwan 'yar rijiyar da na gabansa ya tona, kusa da inda na gabansa ya zaga. Ka ga kuwa kwalara ta sami abin hawa. Ta raka su har wajen sansanin Laramie, inda ƙasa ta fara tudu, ruwa ya koma mai sanyi mai gudu, sannan ta sake su.

Abin mamaki, abin da suka fi tsoro tun daga gida bai zama shi ne ajalinsu ba. Sun taho da bindigogi jibgi saboda 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. Amma a 1849 hari ba shi da yawa, sau da dama ma su ne ke ƙetarar da baƙi kogi, ko su sayar musu da nama. Bindigogin nan su suka riƙa tashi cikin amalanke suna kashe masu su, don akasarinsu akawuna ne da 'yan tireda da ba su saba riƙe makami ba. Wani ƙafar amalanke ta bi ta kansa, wani kogi ya ci shi wajen ƙetarewa. Aikin likitan ayari ke nan: ɗori, cire harsashi, yanke ƙafar da ta ruɓe a kan akwati, sa'an nan gobe da asuba a ci gaba da tafiya, domin ayari ba ya jiran majinyaci.

Bayan Laramie hanya ta koma kamar kasuwar da aka watse. Dabbobi sun rame, dole a rage kaya. Ga murhun ƙarfe, ga uwar maƙera, ga buhunan gari da wake, ga littattafai, duk a zube. Waɗansu don baƙin ciki sai su zuba wa abincin ƙasa kada na baya ya amfana. Aka haura manyan duwatsun Rocky ta wata faffaɗar kafa da ake kira South Pass, wadda tsayinta ya fi ƙafa 7,000 amma hawanta a hankali ne, har mutum ba ya sanin ya kai ƙololuwa sai ya ga rafuka sun juya suna gudu yamma. Nan ne kusan rabin tafiya, kuma rabin da ya rage shi ne mai wuyar.

A ƙasar da ake kira Nebada yanzu akwai wani kogi, Humboldt, wanda ake bi mil wajen 300. Kullum ruwansa ƙara kanwa yake yi, har ya kai inda ya nutse cikin ƙasa ya ɓace, bai kai ko wane teku ba. Daga nan sai hamada ta mil 40 babu ruwan kirki. Da dare ake keta ta, ana bi ta tsakanin mushen shanu da amalanken da aka yasar. A daidai nan ne kuma wata cuta take bayyana, wadda rashin ganye da 'ya'yan itace ke kawowa ga mai cin gurasa da busasshen nama wata huɗu: dasashi ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi, ƙafafu su ƙi ɗaukar mai su. Wanda ya tsallake wannan sai ya ɗaga kai ya ga duwatsun Sierra Nevada sun tsaya masa kamar garu. Kowa a ayari ya san labarin jama'ar Donner, mutum 87 da ƙanƙara ta rufe a nan cikin hunturun 1846, kusan rabinsu suka mutu, waɗansu da suka rayu sai da yunwa ta kai su ga cin gawa. Saboda haka babu mai bukatar a ce masa ya ɗaga ƙafa. Robinson ya sauka kwarin Sakaramento da ransa, tun ƙanƙara ba ta fara zuba ba.

Haƙar zinariya bai karɓe shi ba. Aikin tsayuwa ne cikin ruwan sanyi tun safe har yamma ana tankaɗe yashi a faranti, kuma wurare masu albarka na farko sun riga sun kama. Bai daɗe ba ya gane abin da masu wayo suka gane, wato kuɗin yana wurin mai sayar wa mahaƙa abinci da shebur. Ya koma garin Sakaramento ya buɗe gidan abinci, yana kuma duba marasa lafiya. Cikin Janairu 1850 kogi ya cika ya shanye garin.

Yanzu mun zo kan rigimar da ta sauya masa rayuwa. Tun 1841 gwamnatin Meziko ta ba John Sutter wani makeken fili, eka wajen 48,000. Dillalai suka sayi filayen garin daga hannun gidan Sutter, suka tsuga musu kuɗi. Dubban mutanen da suka sha wuyar hanya suka iso ba ko sisi, suka kafa tantuna da bukkoki inda suka ga sarari. A tunaninsu ƙasar da Amurka ta ci da yaƙi ta gwamnati ce, kuma al'adarsu ita ce duk wanda ya share fili ya zauna yana da haƙƙin saye da araha. Dillalai suka ce a'a, suka riƙa turo 'yan ƙarfi suna rushe bukkoki, wani lokaci da majinyaci kwance a ciki. Robinson, wanda ya san mutanen nan tun a hanya, ya tsaya musu, har ya zama shugaban ƙungiyar 'yan kama-wuri-zauna.

Kotu ta ba dillalai gaskiya, kuma aka toshe hanyar ɗaukaka ƙara. Sai su Robinson suka ɗauki bindiga. Ran 14 ga Agusta 1850 suka yi jerin gwano cikin gari, magajin gari Hardin Bigelow ya tare su da mutanensa ya ce su ajiye makamai. Wuta ta tashi. Aka kashe jami'in kimanta haraji na garin, aka kashe madugun 'yan kama-wuri-zauna John Maloney, magajin gari ya sami munanan raunuka. Kashegari aka kashe babban ɗan dokan yankin, Joseph McKinney. Shi Robinson harsashi ya shige shi ƙasa kaɗan da zuciya. Aka ɗauke shi, ana jiran ya cika, aka jefa cikin wani tsohon jirgin ruwa da aka mayar kurkuku a bakin kogi, aka tuhume shi da kisan kai. Likitan ya ƙi mutuwa. Ya yi mako goma a tsare, kuma tun shari'ar na kansa mutane suka zaɓe shi ɗan majalisar sabuwar Jihar Kalifoniya. Daga baya aka janye tuhumar.

Ba na jin za a wanke shi tas a wannan al'amari. Tausayin talakawa ya ja shi, wannan gaskiya ne, amma shi ne mai ilmin cikinsu, kuma yana cikin waɗanda suka fito da mutane kan titi da bindiga aka yi asarar rayuka. Ban da haka, ɓangarorin nan biyu suna jayayya ne a kan gonar wani. Masu ƙasar na asali, waɗanda yawansu a Kalifoniya ya kai wajen 150,000 kafin zinariya, kisa da cuta da yunwa suka mayar da su wajen 30,000 cikin shekara 25. A rigimar Sakaramento babu wanda ya tambaye su.

A 1851 ya kama hanyar gida, wannan karon ta ruwa. Jirgin ya fashe a gaɓar Meziko, ya sake tsira, ya bi ta Panama ya isa Masacusets. Cikin Oktoba na shekarar ya auri Sara Lawrence, 'yar wani lauya ta Belchertown, wadda ya taɓa yi wa magani tana budurwa lokacin da ta faɗi ta bugu a gadon baya. Ya koma aikin likita a Fitchburg, yana kuma shirya wata jarida. Da a nan labarin ya tsaya, da ba wanda zai tuna da shi.

Sai a 1854 majalisar Amurka ta yi wata doka da ta buɗe yankin Kansas ga masu son zama, bayan an matsa wa kabilun wurin sun saki yawancin ƙasarsu. Dokar ta ce mazauna yankin su za su jefa ƙuri'a su zaɓa, ko a yarda da bautar da baƙar fata a can ko a hana. Wannan ya zama tsere: duk ɓangaren da ya fi tura mutane shi ya ci. Masu ƙin bauta na Masacusets, ƙarƙashin wani mai suna Eli Thayer, suka kafa kamfanin taimaka wa masu ƙaura, suka shiga neman wanda ya san ƙasar, ya san ayari, ya kuma san rigimar fili. Wa ya fi Robinson? Aka naɗa shi wakili. A gindin tudun nan da ya hau shekara biyar da suka wuce aka kafa garin Lawrence, wanda aka sa wa sunan attajirin kamfanin, Amos Lawrence. Robinson ya gina gidansa a bisa tudun.

Makwabtansu na Jihar Misuri masu bayi ba su zauna ba. A zaɓen Maris 1855 masu ƙuri'a na halal kimanin 2,900 ne, amma aka ƙirga ƙuri'a fiye da 6,000, domin dubbai sun ƙetaro iyaka da makamai sun jefa sun koma. Masu ƙin bauta suka ce ba su san wannan majalisa ba, suka kafa tasu gwamnati a Topeka, suka zaɓi Robinson gwamna.

A nan ne aka ga abin da harsashin Sakaramento ya koya masa. Ba wai ya bar bindiga ba ne, don shi da kansa ya rubuta gabas a aiko musu da su. Amma ya tsaya kai da fata cewa kada mutanensa su fara harbi, kada kuma su taɓa sojan gwamnatin tarayya ko da an tsokane su. Cikin Disamba 1855 mayaƙa fiye da 1,000 suka kewaye Lawrence. Robinson ne babban kwamandan garin, kuma maimakon ya fita fagen fama sai ya zauna da gwamnan da Washinton ta naɗa, Wilson Shannon, aka yi sulhu, maharan suka watse. Masu zafin kai na ɓangarensa, irin su James Lane da John Brown, ba su ji daɗin wannan hali nasa ba.

Haƙurin bai hana shi shan wuya ba. Cikin Mayu 1856 aka kama shi a jirgin ruwa a Misuri bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Ran 21 ga watan aka afka wa Lawrence, aka ƙone gidansa na kan tudu ƙurmus. Ya yi wata huɗu a tsare hannun soja kusa da Lecompton. Matarsa Sara ta zauna tare da shi a can, ta kuma rubuta littafi a kan halin da Kansas ke ciki, wanda ya sami karɓuwa ƙwarai a gabas. A ƙarshe kotu ta sallame shi. Masu ƙin bauta suka yi ta ƙaruwa har suka rinjaya da ƙuri'a. Ran 29 ga Janairu 1861 Kansas ta zama jiha wadda babu bauta a cikinta, ran 9 ga Fabrairu Robinson ya hau kujerar gwamna. Bayan wata biyu yaƙin basasar Amurka ya ɓarke.

Mulkinsa shekara biyu ne kawai, kuma bai ji daɗinsa ba. Baitulmali babu kuɗi, ga yaƙi, ga Lane, wanda ya zama sanata mai faɗa a ji wurin Shugaba Lincoln, yana yi masa zagon ƙasa. A 1862 majalisar jiha ta tuhume shi tare da manyan jami'ansa biyu kan sayar da takardun bashin jiha da araha fiye da yadda doka ta yarda. Aka sami jami'an biyu da laifi, shi aka wanke shi, amma sunansa ya riga ya ɓaci, jam'iyyarsa ba ta sake tsayar da shi ba. Ya sauka cikin Janairu 1863. Ran 21 ga Agusta na shekarar 'yan ta'addar William Quantrill suka dira Lawrence da asuba, suka kashe maza da samari wajen 150, suka cinna wa garin wuta. Robinson yana garin, ya sake kuɓuta.

Sauran shekarunsa 30 ya yi su ne a gonarsa, arewa da kogi. Ya yi zama a majalisar jiha, ya sake neman gwamna a 1882 da 1890 bai samu ba. Daga 1887 zuwa 1889 ya shugabanci makarantar kwana ta Haskell a Lawrence, ɗaya daga cikin makarantun da gwamnati ta kafa don a raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasa da harshensu da al'adunsu a mayar da su kamar Turawa. A 1892 ya buga littafinsa a kan rikicin Kansas, inda bai raga wa Lane da Brown ba ko kaɗan, ko da yake dukansu sun daɗe a kabari.

Abin da ya fi ba ƙarfinsa a shekarun nan shi ne Jami'ar Kansas, wadda aka buɗe a 1866 a bisa tudun nan nasa, wanda yanzu ake kira Mount Oread. Ya daɗe cikin hukumar gudanar da ita. Ya rasu a gonarsa ran 17 ga Agusta 1894 yana da shekara 76. Shi da Sara ba su sami haihuwa ba, sai ya yi wasiyya cewa bayan ranta yawancin dukiyarsa ta koma ga jami'ar. Sara ta rasu a 1911, aka binne ta kusa da shi a maƙabartar Oak Hill da ke Lawrence.